Gwangwanin da Na Gani a Jakarka

Birnin Gwari

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka da mutanen da suka ba ka masauki a Kaduna. Mun ji ka sauka lafiya, mun gode wa Allah da ya tsare hanya. Allah ya ci gaba da tsare ka a duk ƙauyen da aiki zai kai ka, ya raba ka da sharrin hanya da na mutum, ya sa ka fara a sa'a. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Ba labarin gida ya sa na ɗauki biro ba, wannan kuna yin sa da Innarka a waya har kati ya ƙare. Magana ɗaya ce gare ni. Ka kuwa san halina, in na kama waya sai in ɓige da faɗa in manta abin da ya sa na kira. Shi ya sa na ce bari in rubuta.

Innarka ta gaya mini abin da ka ce kada ta gaya mini. Kada ka ga laifinta, tunda na aure ta magana ba ta taɓa kwana a cikinta ba, ba kuma a kanka za ta koya ba. Ta ce gwajin da kamfanin nan na masu kafa sola suka sa aka yi maka kafin su ɗauke ka ya nuna suganka ya fara hawa. Bai kai ciwo ba tukuna, in ji likita, amma yana bakin ƙofa. Ta kuma ce tunda aikin na yawo ne, yau wannan ƙauye gobe wancan, babu lokacin girki, ka yanke shawarar ka riƙa shan garin nan na gwangwani da ake kaɗawa da ruwa a madadin abinci. Gwangwanin kam na gan shi da idona ranar da kake haɗa kaya, mai hoton koren ganye da wata mata tana dariya. Ka yi wuf ka tura shi ƙarƙashin sallaya, sai ka ce wanda aka kama da taba.

Ban ce kada ka sha ba. Na san hanya, na san abin da ake samu a bakin titi: burodi, lemon kwalba, da shayin da ake zuba wa suga kamar da gayya. Mai irin jinin gidanmu in ya samu abin da ya fi waɗannan, ya yi dabara. Na kuma san dole na tsirrai za ka nema, tunda tun kana ƙarami madarar shanu ba ta zama a cikinka. Ko nonon gidan abokina Buba Bafulatani, wanda duk unguwa ke rububinsa, in ka sha sai ka wuni kana zaryar bayan gida. Tsorona ɗaya ne, kada ka yi irin zaɓen da na yi. Ni ciwon nan ya same ni na yi ta yi masa wayo, har ya karɓi yatsu biyu a ƙafata ta hagu. Ba na so ya karɓi ko farce a jikinka. Don haka ka nemi wuri ka zauna ka karanta, ko da za ka ce tsoho ya cika surutu.

Ka taso ka same ni ina sana'ar zuma. Lokacin daji yana shiguwa, kafin 'yan bindiga su raba mu da shi, nakan hau babur in nufi wajen Kakangi in saya a hannun masu ɗora amya a kan bishiya, in kawo gari in tace in zuba a jarka. A sana'ar nan harshe ne sikeli. Ba a sayen zuma sai an tsoma yatsa an lasa, don akwai masu narka mazarƙwaila su yi algus. Duk ƙwaryar da aka ajiye a gabana sai na ɗanɗana. In mai kyau ce in ƙara don daɗi, in ina shakka in ƙara don in tabbatar. Haka na yi shekaru. Da aka ce ina da ciwon suga, ma'aikaciyar jinyar da ke duba irinmu a asibiti, Sista Ladi, ta ce in bar suga. Na ce an gama. Na dawo gida na sa Innarka ta kwashe wanda ke cikin kwano ta ba maƙwabta, na je majalisa ina cika baki cewa ni da farin suga har abada. Sai na koma zuba zuma a shayi, a koko, a fura, har a kan burodi, kuma da ludayi ba da cokali ba. A lissafina suga shi ne farin nan na kanti. Zuma kuwa daga daji take, kuma kowa ya san waraka ce.

Da na koma gwaji, Sista Ladi ta kalli ɗan injin gwajin jini, ta kalle ni, ta goge wani yatsan ta sake gwadawa.

Ta ce, "Baba, ba ka ce ka bar suga ba?"

Na ce, "Wallahi ko ƙwaya ban sa a bakina ba. Zuma kawai nake sha."

Ta ajiye biro ta ce, "Zuma kamar yaya?"

Na kwatanta mata da hannu.

Ta ce, "Kai, Baba! Ai gara ma da ka bar sugan a wurinsa. Jininka bai san daji ba, bai san kanti ba, zaƙi kawai ya sani."

Na fito ina hura hanci, ina cewa yarinyar nan me ta sani a kan zuma. Na wuce wajen limamin unguwarmu da ƙorafi, ina so ya goya mini baya. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce shi bai musa zuma waraka ce ba, amma ko maganin asibiti, in aka ce ka sha cokali ɗaya ka ɗaga kwalba ka shanye, me zai biyo baya? Na tattara takalmina na dawo gida.

Abin da ya sa na kawo maka wannan shi ne, a jikin gwangwaninka na hango an rubuta da manyan baƙaƙe cewa babu farin suga, da dabino da zuma aka zaƙaƙa shi. Nan gabana ya faɗi, don kaina na gani. Masu yin kayan nan sun san irinmu. Sun san da mun ji an ce dabino da zuma sai mu saki jiki. Kai dai rabu da gaban gwangwani, ado ne. Juya bayansa, inda aka yi ƙananan rubutu. Sista Ladi ta koya mini cewa abin da aka fara ambata a jerin kayan haɗi shi ya fi yawa a ciki. In ka ga zuma ko dabino ko ruwan rake, ko wasu masu suna sirop da gulukos da maltodestirin, sun kama sahun gaba, mayar wa mai shago kayansa. Abin da kake so ka gani a gaba shi ne waken suya, ko wani wake, ko gyaɗa da danginta. Akwai kuma ɗan akwati da ke faɗin yawan sugan da ke cikin kowane awo. Ka fi ni boko, ka jera gwangwani biyu ko uku ka kwatanta, ka ɗauki wanda nasa ya fi ƙanƙanta. Ka kuma duba awon da suke nufi cokali nawa ne, don na san hannunka wajen zubi, irin nawa ne.

Bayan zuma sai kunun zaƙi ya karɓe ni, kuma shi ya fi daɗewa yana yi mini ɓarna don ban taɓa zarginsa ba. Da daji ya gagara na koma sayen hatsi ina kaiwa Kaduna. Ka san yadda hanyar ta kasance a shekarun nan. A taru a bakin gari tun da safe ana jiran rakiyar sojoji, wani lokaci har rana ta take ba a tashi ba, in kuma an tashi babu mai tsayawa ko don fitsari balle cin abinci. Sai na ce Innarka ta riƙa dama mini kunun zaƙi a babbar gora, amma kada ta sa suga. Ba ta kuwa sa ba, baiwar Allah. Sai dai ta ga in babu suga kunun zai yi lami, mijinta zai wahala a hanya, sai ta ƙara tsiron shinkafa da busasshen dankali, yadda iyayenmu ke yi tun kafin a san sugan kanti. Kunu ya riƙa fitowa da zaƙinsa raɗau. Ni kuma ina zaune a kan buhunan masara a bayan mota, ina kurɓa ina yi wa masu shan lemon kwalba wa'azi. Har wani direba na taɓa ce wa yana kashe kansa da hannunsa. Mutumin yana nan garau, jinin gidansu ba irin namu ba ne, shekaranjiya ma ya wuce ta ƙofar gida ya yi mini hon.

Ga kuma tata. Innarka gwanar tata ce, takan tace gasara har ta yi sumul, ta kwashe dusar ta zuba wa awaki. Da gwaji ya ƙi sauka, Sista Ladi ta bi diddigin abin da nake ci har ta iso kan kunu, sai ta ce in zo mata da mai damawa. Ta sa Innarka ta yi mata bayani tun daga jiƙo har zuwa damu. Da aka zo kan dusa sai ta ce, "Mama, ai awakinki ne ke cin abincin Baba, shi kuma kina ba shi ruwan zaƙi." Innarka ta rufe fuska da mayafi tana dariya. Amma da muka kamo hanyar gida dariyar ta ƙare. Na san abin da ke ranta, gani take da hannunta ta cuce ni. Na ce mata ni ne na ba da umarni rabi da rabi, ita kuwa tausayi ne ya ja ta. Duk da haka ta ɗauki sauran kunun ta zubar a kwata. Abin ya taɓa ni ƙwarai, don macen da ko ƙanzo ba ta zubarwa ce.

Ashe tsiro shi ke juya hatsi ya koma suga tun a cikin tukunya, kuma hatsin da aka raba da dusarsa da gudu yake shiga jini. To kada kalmar "na tsirrai" ta ruɗe ka, rake ma shuka shi ake yi. Wani gwangwanin in ka bincika garin shinkafa ne ko na masara aka baɗe da ƙamshi. Abu biyu za ka nema bayan ƙarancin suga: abin gina jiki, wanda suke rubutawa furotin, da kuma ita dusar, wadda ke sa abinci ya daɗe a ciki ya shiga jini a hankali. Su ma suna cikin ɗan akwatin nan, ka zaɓi wanda suka fi yawa a cikinsa. Cikinka ma zai ba ka shaida. In ka sha da safe, kafin hantsi ka ji yunwa ta dawo tana ƙwaƙular ka ga kasala ga barci-barci, to gari da ƙamshi aka sayar maka. Amma kada ka tsaya a kan ji. Cikin albashinka na fari ka sayi ɗan injin gwajin nan. Ka gwada kafin ka sha, ka sake gwadawa bayan kamar awa biyu, ka nuna wa likitanka ya faɗa maka ko lafiya. Ni da nake taƙama da harshe, harshen ne ya kai ni ya baro.

Akwai wata kuma da za ka haɗu da ita a ƙauyukan da za ku je, ita ce kara. Duk inda kuka kafa wa mutane wuta za su so su girmama ku, kuma girmamawar mutanenmu ka san ta: a aika a sayo lemo mai sanyi, a dama fura a zuba mata suga har a ji a maƙogwaro. Ni na yi shekaru ina shanyewa don kada a ce na raina. Suna, ta'aziyya, ɗaurin aure, duk inda aka miƙo sai in karɓa. Mutanen gida da liman kawai suka san ina da ciwo, a waje kuwa ina ganin namiji ba ya tallan cutarsa. Buba kansa, da muke tare tun muna samari, duk ranar kasuwa sai ya sa an dama mini fura da suga na shanye ina sa albarka. Ranar da na daure na faɗa masa, ya ajiye sandarsa ya dube ni.

Ya ce, "Aradu, Idi, ba ka kyauta ba. Ina ba ka cuta da hannuna kana ce mini madalla? Wannan ba kara ba ce, mugunta ce. In ka mutu wa za a ce ya kashe ka?"

Daga ranar tsuran kindirmo yake kawo mini, kuma duk wanda ya miƙo mini lemo a gabansa shi ke riga ni cewa a'a. Babu wanda ya taɓa jin haushina don na ce ina da suga. Ka buɗe baki ka ce likita ya hana, a ba ka ruwa ko gyaɗa. Kuma ka lura kai ma ka fara bin sawuna, tunda uban da ya haife ka ma ka so ka ɓoye wa.

Yanzu bari in zo kan ƙafa. Ka san ta, amma ba ka san yadda aka yi ba, don kana makaranta a Zariya lokacin, mu kuma muka ce maka ƙaya ce kawai. Wata ranar kasuwa a Tsohon Birnin Gwari wani mutum ya zo da mota da lasifika a kanta, ya sha babbar riga, ga baki. Garin sha yake sayarwa a leda mai sheƙi. Ya ce daga ƙasar waje aka kawo, ganye ne zalla, yana maye gurbin abinci, yana wanke suga daga jini tas.

Yana ta kira, "Ina masu suga? Ina waɗanda asibiti ya mayar bayin ƙwaya? Ku matso, yau Allah ya yanke muku wahala!"

Na matsa. Gajiya ce ta kai ni, Nasiru. Mutum ya gaji da ƙwaya safe da yamma, ya gaji da a ce kada ya ci wannan kada ya ci wancan a gidan da shi ke cefane. Na saya har da na ajiya. Na dawo na tura ƙwayoyin asibiti ƙarƙashin katifa, na kuma daina zuwa wajen Sista Ladi don kada ta yi mini kallon nan nata. Garin da daɗi, ba ƙarya, kuma daɗin ne ya kamata ya farkar da ni. A jikin ledar babu lambar hukumar da ke duba abinci da magani, babu sunan inda aka yi shi, babu ranar da zai lalace, sai hoton wani ƙato mai ƙwanji.

Lokacin sharar gona na je gonarmu ta Kazage, kututturen dawa ya huda silifas ya soke ni. Ban ma ji ba, sai da na zo alwalar azahar na ga jini. Irin raunin da a da zan ɗaure da tsumma in ci gaba da aiki, shi ya ƙi warkewa. Ya zama gyambo, ya yi baƙi, ya fara wari har Innarka tana turara ɗaki kafin baƙo ya shigo. Da aka kai ni asibiti Sista Ladi ba ta yi mini faɗa ba. Ta buɗe ƙafar ta duba, ta rufe, ta je ta kira likita. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Mai lasifika kuwa ko ƙeyarsa ban ƙara gani ba.

Saboda haka ka riƙe wannan da kyau. Duk garin da aka ce maka yana warkar da suga, ajiye shi ka yi gaba. Na kirki ba ya yi maka alkawarin komai sai ƙoshi. Ka saya a babban shago ko kemis da aka sani, a rufe da hatiminsa, da lambar hukuma, da ranar lalacewa. Innarka ta ce wata abokiyar karatunka ce ta sayar maka da naka, har ta ce in ka kawo mata wasu masu saye za a ba ka kyauta. Ban ce yarinyar macuciya ce ba, wataƙila ita ma lasifikar aka kunna mata ta cikin waya. Kai dai ka ɗauki gwangwanin ka kai wa likitan da ya gwada ka, ya karanta bayansa a gabanka. In ya ce a'a, to a'a ne, ko da za ta daina gaishe ka. In kuma wata rana aka ɗora ka a kan magani, Allah ya kiyaye, babu garin da zai tsaya a madadinsa.

Kada kuma tsoro ya kai ka ɗaya gefen, don ni ya kai ni. Bayan an sallamo ni na zama wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Tuwo ma tsoronsa nake ji. Na koma shan tsararon ruwan waken suya safe da rana, ga ƙwayoyin asibiti ina haɗiya a kai, ina ganin na zama mai biyayya. Wata rana ina tsaye a kasuwa ana auna mini masara sai zufa ta karyo mini, hannuna ya kama rawa, idona ya yi duhu, na sulale tsakanin buhuna. Ban suma gaba ɗaya ba, ina jin mutane suna cewa a yi masa fifita, wasu na cewa iska ce. Allah ya sa Buba yana kusa, ya ture su yana cewa, "Ku kauce, mai suga ne, nasa ya faɗi! Mai shayi, jiƙo suga a ruwa!" Farin sugan da na yi shekaru ina zagi, shi ya tashe ni zaune a ranar.

Garin gwangwani na ranar da hanya ta hana ka abinci ne. Ya tsaya maka a madadin ci ɗaya, na safe ko na rana, amma ba wuni guda ba, ba kuma kullum ba. Duk inda yamma ta same ku ka nemi abincin da ake taunawa: wake, kwaɗon zogale, ƙwai, kifi in an samu, tuwo kaɗan miya da yawa. Ka kuma ci tare da abokan aikinka. Ba na so ka zama mutumin da ake zagaye kwano ana hira shi yana can cikin mota yana kaɗa gora shi kaɗai. Aikin daji da mutane ake yin sa, kuma a bakin kwano ake sanin juna.

Innarka, tunda ta ji maganar nan, ba ta zauna ba. Ta je wajen Sista Ladi ta yi tambaya, ta dawo ta baza tabarma. Ta soya waken suya sosai har gafinsa ya fita, ta soya gyaɗa bayan ta tsince mai fumfuna ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa da riɗi da gero kaɗan wanda ba a surfa ba, da ɗan garin 'ya'yan kuka da citta. An kai inji an niƙa, kuma wannan karon awaki ba su samu komai ba. Za mu ba direba ya kawo maka tare da takardar nan. Sista Ladi ta ce in gaya maka kada ka ɗauka don daga gida ya fito shi ke nan. Shi ma a auna shi da cokali, shi ma a gwada jini a kansa, kuma na gwangwani mai kyau ya fi shi wasu sinadaran da ake ƙarawa, shi ya sa bai kamata ya raba ka da ganye da sauran abinci ba. Ka ajiye shi inda babu laima. Ka dama iya wanda za ka sha da ruwa mai tsabta, kada ka dama da safe ka bar shi a mota cikin rana ka sha da la'asar. Ko ka riƙe na gida, ko na shagon da likita ya yarda da shi, ko ka haɗa biyun, wannan ya rage naka, ai ka girma.

Da farko za ka ce ba daɗi, ina ma jin ka kana faɗa. Ka yi haƙuri, harshe yana koyo. Ni da na ƙare ƙuruciyata da yatsa a cikin zuma, yanzu soyayyiyar gyaɗa zaƙi take yi mini. Kada dai ka ce bari in ɗan ɗiga wani abu don ya shiga, daga ɗigo ake zuwa ludayi.

Saura abu ɗaya in ajiye biro. Ranar da za ka tafi na ce maka ina jiran baƙo, shi ya sa ba zan raka ka tasha ba, muka yi sallama a zaure. Babu wani baƙo, Nasiru. Daga ƙofar gidanmu zuwa tasha ka san ba wata tafiya ba ce, kana yaro da gudu kake zuwa ka dawo kafin shayi ya huce. Tun da asuba na sa takalmi na gwada, ban kai kan kwana ba ƙafar ta ce in koma. Babur kuwa na ƙi hawa, don ba na so abin da za ka tafi da shi a idonka ya zama ana tallabo ubanka ana sauke shi a gaban mutane. Na zauna a zaure ina jin ƙarar motocin ayarinku har ta ɓace. Tunda ciwon nan ya same ni, har da ranar da aka yanke yatsun, ban ji zafinsa kamar na ranar da ka tafi ba.

Ka gaishe mini da mai masaukinka da shugabanka na wurin aiki. Ka riƙe salla a kan lokaci, kada ku yi tafiyar yamma a hanyar da ba ku sani ba. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya kai ka lafiya ya dawo mana da kai lafiya, ya sa albarka a abin da za ka ci da wanda za ka sha. Ranar da naka ɗan zai bar gida, Allah ya sa ka ɗaukar masa jaka ka taka da ƙafarka har tasha.

Wassalam.

Mahaifinka,
Idi Mai Zuma